Asusun da ya kwanta a banki: ina kuɗin ke tafiya, wa ke da ikon karɓo su?

A Najeriya, idan mutum ya bar asusunsa na banki wata 6 bai saka ba bai cire ba, banki zai rubuta shi cikin asusun da suka daina motsi. Idan ya cika shekara guda a haka, ya zama abin da ma'aikatan banki ke ce wa doman, wato ya kwanta. Idan kuma ya yi shekara 10 a kwance, banki ba shi da ikon ci gaba da riƙe kuɗin. Dole ya tattara su ya miƙa wa Babban Bankin Najeriya, CBN, da ke Abuja. A duk matakan nan uku kuɗin na mai su ne. Ba su zama na banki ba, ba su zama na gwamnati ba, kuma ba a yanka wata rana aka ce daga ita haƙƙin nema ya faɗi ba. Matsalar ba ta doka ba ce. Matsalar ita ce takardun da za a nemi ka kawo ranar da ka zo karɓa, ko ranar da 'ya'yanka suka zo.

Wannan magana ta fi shafarmu mu mazauna kudu fiye da yadda muke zato. Fatauci sana'a ce ta zirga-zirga. Mutum zai ɗauko shanu daga Maigatari ko Potiskum ko Illela, ya sauke a Oko-Oba ta Agege ko Akinyele ta Ibadan ko Lokpanta a Abiya, ya buɗe asusu a reshen da ke kusa da kara don kada ya hau hanya da tsabar kuɗi. Kasuwa ta juya, ya koma wani gari, ya buɗe wani asusun, na farkon da ɗan canji a ciki an manta da shi. Wani kuma rikici ne ya tashe shi ba shiri, irin na Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha a 2021. Wanda ya hau tirela da rigar jikinsa ba ya tuna takardar banki. Ga kuma halinmu na ɓoye samu: da yawa cikin iyayenmu ko uwargida ba ta san bankin da suke ajiya ba, balle nawa ne a ciki.

Dokar daga ina take?

A Amurka kowace jiha da tata dokar a kan dukiyar da ba mai nema, kuma baitulmalin jihar ne ke karɓa ya ajiye. A nan ba haka ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar banki cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka Legas ko Oyo ko Ribas ba su da wata dokar asusun da ya kwanta tasu ta daban. Abin da aka rubuta a Abuja shi ke aiki a reshen banki na Sabo Ibadan, shi ke aiki a Ama Hausa ta Owerri da Bogobiri ta Kalaba. Inda jiha ke shigowa shi ne wajen gado, kuma a nan ne ake shan wuya. Za mu zo kansa.

Tushen maganar shi ne sashe na 72 na dokar bankuna da ake kira BOFIA, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2020. A kanta CBN ya dogara ya fitar da sabbin ƙa'idoji a Yulin 2024, zamanin gwamnan banki Olayemi Cardoso, suka maye gurbin na 2015. Ƙa'idojin ba manyan bankuna kaɗai suka hau ba. Sun haɗa da bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, da ƙananan bankuna na maikurofainans, da na bashin gina gida. Kuma ba asusun ajiya da na karan kawai ba: har da kuɗin da aka ɗaure na wani wa'adi, da asusun dala, da walat na waya, da katin da ake loda wa kuɗi, da diraf ɗin da aka yanka ba a je an karɓa ba, da albashin da mai shi bai zo ya ɗauka ba.

Akwai waɗanda aka keɓe, ba a kai su CBN ko sun wuce shekara 10: asusun da ake shari'a a kansa, da wanda hukuma ke bincike a kai, da wanda aka jingina don bashi.

A lura da abu guda. Motsin da ake lissafawa shi ne wanda mai asusu ya yi da kansa. Idan banki ya zuba maka ɗan ruwan ajiya ko ya cire kuɗin alat, wannan ba ya hana asusu kwanciya. Don haka wanda ke da asusun da ya keɓe don Hajji ko auren 'ya, ya riƙa taɓa shi ko da sayen katin waya na naira 100 ne duk bayan 'yan watanni.

Kafin shekara 10

Wannan shi ne mataki mai sauƙi. Ka je bankin da kanka, ka cike takardar farfaɗo da asusu, ka nuna katin shaida mai aiki da shaidar inda kake zaune yanzu, su duba BVN da NIN ɗinka. Ƙa'idar CBN ta hana banki karɓar ko sisi a kan farfaɗowa, kuma ta ba shi kwana 3 na aiki ya gama idan takardunka sun cika. Duk wanda ya ce ka kawo na goro don a tashi asusunka, ba da yawun doka yake magana ba. Asusun ajiya kuma yana ci gaba da samun ruwansa ko yana kwance. Abin da za ka yi da wannan ruwan, tsakaninka da malaminka ne.

Banki ma an ɗora masa nauyi. Dole ya sanar da kai idan asusunka ya daina motsi, ya riƙa tuna maka, kuma ya wallafa sunayen masu irin waɗannan asusun a shafinsa na intanet wata 6 kafin ya miƙa kuɗin Abuja. A takarda abin ya yi kyau. Amma saƙon tes ne da Turanci, zuwa lambar da mutum ya bayar shekaru da suka wuce, wataƙila tuni kamfanin waya ya sayar wa wani da layin. Dattijon da ke zaune a kara daga asuba zuwa magariba ba zai shiga intanet neman sunansa ba. A ganina wannan aikin namu ne matasa masu waya a hannu, da kuma ofisoshin Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwar dabbobi: a riƙa duba jerin sunayen nan ana cigiya a masallaci. Ko a fiƙihu ai tsintuwa sai an yi shekara ana cigiyarta.

Inda aka fi maƙalewa shi ne suna. An fara BVN a Fabrairun 2014, kuma asusun da aka buɗe kafin nan da yawa ba a taɓa haɗa su da shi ba. Sai ka ga mutum ɗaya, a banki Mamman Sani Gusau, a NIN Muhammad Sani Abdullahi, a katin zaɓe Mohammed S. Abdullahi, ranar haihuwa kowanne da tasa. A wurinmu mutum ɗaya ne, kowa a zango ya san shi. A wurin kwamfuta mutum uku ne. Gyaran yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, da zuwa ofishin NIMC. Yana da cin rai, amma mai rai yana iya yinsa a 'yan makonni. Magada kuwa sai sun yi ninkin wannan wahalar.

Bayan shekara 10

Kuɗin da suka kai wannan wa'adi suna shiga wani asusun amana da CBN ya buɗe musamman don su. CBN yana juya su ta hanyar sayen takardun bashin gwamnati. Idan mai su ya bayyana, za a ba shi uwar kuɗinsa da abin da suka haifa, in akwai.

Kada kowa ya ɓata kuɗin mota zuwa hedikwatar CBN da ke titin Tafawa Ɓalewa a tsakiyar Abuja. Ba a biyan kowa a can. Bankinka za ka koma, ka cike takardar neman dawo da kadara, ka kawo shaidar cewa asusun naka ne da katin shaida da takardar rantsuwa. Bankin ne zai tantance ka ya tura buƙatar, CBN kuma ƙa'idarsa ta ce zai mayar da kuɗin cikin kwana 10 na aiki daga ranar da buƙatar ta iso masa. Idan banki ya yi ta ja maka rai, ka rubuta ƙorafi ka karɓi lambar shaidar shigar da shi. Bayan mako 2 ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na CBN, kuma yana da rassa a manyan biranen jihohi.

Masu harka da maƙwabta su sani ba ko'ina ake da wannan sauƙin ba. A Gana asusu yana kwanciya bayan shekara 2, bayan ƙarin shekara 3 a kai shi babban bankinsu. A ƙasashen sefa irin su Nijar da Binin, tsarin da suka amince da shi a 2012 ya sa wa'adin ƙarshe na shekara 30, daga nan kuɗin su zama na baitulmali.

Doka ta biyu, da maganar hannun jari

Akwai wata dokar da ke rikita mutane. A ranar 31 ga Disamba 2020 aka sa hannu a dokar kuɗi ta 2020, wadda ta kafa wani asusun amana na daban a ƙarƙashin kulawar ofishin kula da basussuka, DMO. Ita cewa ta yi kuɗin asusun da ya kwanta da ribar hannun jarin da ba a karɓa ba, idan sun kai shekara 6, a miƙa su can a matsayin bashi a kan gwamnatin tarayya. Lokacin an yi ta surutu cewa gwamnati za ta cinye kuɗin mutane. Gaskiyar magana rance ne ba da izinin mai kuɗi ba, kuma wanda ya ƙi jinin abin yana da hujja. Amma dokar da kanta ta ce mai kuɗi zai iya nema a kowane lokaci, a biya shi har da abin da suka samar. Doka biyu ke nan a wata biyu, ɗaya ta ce 6 ɗaya ta ce 10. Ga mai asusun banki dai, ƙa'idar CBN ta shekara 10 ita ce bankuna ke bi, kuma ko ta wace ƙofa kuɗin suka fita, ta bankinka za ka neme su.

Inda dokar 2020 ta yi amfani sosai shi ne hannun jari. Da can ribar da ta shekara 12 ba a karɓa ba ta tafi ke nan. Yanzu ribar da ba ta kai wannan wa'adi ba kafin ƙarshen 2020 tana nan ana iya nema. Kuma kuɗin ba kaɗan ba ne: a 2023 shugaban hukumar SEC na lokacin, Lamido Yuguda, ya ce ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Iyayenmu da yawa sun sayi hannun jarin bankuna tsakanin 2004 da 2007, lokacin da ma'aikata ke bin kasuwa da fom. Da kasuwar ta faɗi a 2008 suka jefa takardun cikin adaka suka ce an yi asara. Wasu kamfanonin sun mutu da gaske, amma wasu suna nan suna raba riba duk shekara. A da ta gidan waya ake aiko takardar ribar, zuwa akwatin da tuni aka daina biya. Yanzu sai mutum ya cike fom ɗin e-dibiden a bankinsa ko wajen rijistaran kamfanin, a riƙa turo masa kai tsaye. SEC tana da shafin da ake saka suna a ga ko akwai abin da ke jiran mutum.

"Ai bankin ma ya mutu"

Sau da yawa bai mutu ba, suna ya sauya. Lokacin da Charles Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma an ci gaba da haɗiye juna bayan nan. Bank of the North da Tropical da Intercity sun shiga Unity. Habib ya haɗu da Platinum suka zama Bank PHB, wanda ya koma Keystone a 2011. Inland ya zama First Inland, ya zama FinBank, ya ƙare a FCMB. Oceanic yana cikin Ecobank. Intercontinental da Diamond suna cikin Access. Afribank ya zama Mainstreet, Skye ya saye shi, Skye kuma ya koma Polaris a 2018. Wanda ya gaji banki ya gaji ajiyar mutanen da ke cikinsa. Tsohon littafin ajiya mai tambarin Bank of the North ba shara ba ne, shaida ce, ko da lambar da ke jiki ba irin mai lamba 10 ta yanzu ba ce.

Wanda aka soke lasisinsa gaba ɗaya, kamar Heritage a ranar 3 ga Yuni 2024, wannan hukumar inshorar ajiya ta NDIC ake nema. Daga 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki, miliyan 2 a maikurofainans. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin ana biya kaɗan-kaɗan.

Idan mai asusu ya rasu

Da farko a cire wani kuskure da ya yi yawa. Sunan da mutum ya rubuta a fom a gurbin nes-of-kin, wanda ake fassara mana da magaji, ba magaji ba ne. Mutum ne da banki zai tuntuɓa idan an rasa mai asusu. Rubuta sunansa bai ba shi kuɗin ba, bai kuma ba shi ikon cirewa ba. An sha ɓata zumunci a kan wannan: ƙane ya ce ai sunana yaya ya sa, ga mata da marayu a zaune.

Na biyu, ɗaukar katin mamaci da lambar sirrinsa a yi ta zara kafin banki ya ji labari ba dabara ba ce. Daga lokacin da rai ya fita kuɗin sun zama na magada duka, har da jaririn da ke goye, bayan an fitar da bashi da wasiyya. Kuma duk abin da aka cire yana rubuce da rana da sa'a.

Abin da banki ke nema shi ne shaidar rasuwa da izinin kotu. Mu kuwa mukan yi jana'iza a ranar, a Agege ko a Sabo, ba wanda ya tuna da takarda. A nemi ta asibiti idan a can aka cika, sannan a yi rajistar rasuwar a hukumar ƙidaya ta ƙasa tun abin yana sabo.

Izinin kotu shi ne inda zaman kudu ya bambanta da na gida. A Abuja akwai kotunan yanki da ke raba gadon Musulmi, da kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a wadda sashe na 260 na tsarin mulki ya kafa. Jihohin arewa da yawa ma suna da nasu. A can alƙali zai zauna ya tantance magada, ya rubuta wa banki, kuma bankunan yankin sun saba da irin wannan umarni. Sashe na 275 ya ba kowace jiha damar kafa irin wannan kotu idan tana so, amma babu jihar kudu da ta kafa. Kwamitocin Shari'a masu zaman kansu da ke Legas da Ibadan suna sulhu suna fitar da rabon kowa, kuma suna da amfani ƙwarai wajen hana rigima, sai dai ba kotun gwamnati ba ne. Takardarsu ko ta Sarkin Hausawa ko ta limami ba ta tilasta wa banki ya saki kuɗi.

Don haka wanda ya rasu yana zaune a kudu, hanyar da aka fi bi ita ce sashen gado na babbar kotun jihar, a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda lauyoyi ke ce wa leta of administireshan. Yawanci mutum biyu ake naɗawa daga dangi. Kotu za ta ba da fom a kai banki ya rubuta abin da ke cikin asusun, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa a jarida ko akwai mai ja, a biya wani kaso na dukiyar wanda kowace jiha da nata. Abin yakan ɗauki watanni. Takardar kuma abin da aka lissafa a cikinta kaɗai take rufewa, don haka a bincika wayar mamaci da aljihunansa da adakarsa tukuna: saƙonnin alat, katunan ATM, tsofaffin tela, takardun hannun jari. Asusun da aka gano daga baya sai an sake komawa kotu. Waɗanda aka naɗa ɗin nan ba masu kuɗin ba ne, wakilai ne. Idan sun karɓo sai a kira malamai a raba yadda addini ya ce.

Iyalan da suka riga suka koma arewa, kafin su kashe kuɗi a kowace kotu, su fara zuwa reshen bankin mafi kusa su tambaya a rubuce wace takarda sashen shari'ar bankin zai karɓa. Wani lokaci kuma lissafi ne: idan abin da ke ciki naira dubu 40 ne, kuɗin mota da na lauya sun fi shi. A tambayi bankin ko yana da sassauci ga ƙananan kuɗi.

Wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba, kamar yadda ke faruwa a rikici ko a hanya, dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukarsa a matsayin mamaci idan an shekara 7 waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. A mazhabar Malikiyya hukuncin dukiyar wanda ya ɓata ya fi haka tsauri, don haka a haɗa da malamai kafin a taɓa rabo.

Sai kuma babbar matsalar kara, wadda babu ƙa'idar CBN da ta magance ta: ajiya da sunan wani. Alhaji bai yi boko ba, ko ba shi da katin shaida, ko ɗan Nijar ne, sai kuɗin shanunsa su riƙa shiga asusun yaronsa ko dillalinsa ko mai masaukinsa. Shekara da shekaru ana haka lafiya, don amana ce ke riƙe da sana'ar. Amma banki sunan da ke kan asusu ya sani. Idan yaron ya rasu, a idon doka kuɗin Alhaji sun shiga gadon yaron, sai in magadansa sun ji tsoron Allah ko an kawo hujja a kotu. Idan Alhajin ne ya rasu, 'ya'yansa ba su da takardar da za su nuna. Wanda ba yadda zai yi sai ya yi hakan, to a rubuta a takarda, ko da ajami ne, cewa kuɗin da ke asusu kaza na wane ne, shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi wajen shugaban kara. Wanda kuma yake da NIN, buɗe asusu da sunansa bai fi aikin wuni guda ba, kuma bankuna suna karɓar dangwalen yatsa a madadin sa hannu.